Farce na Goma

Salama gare ku, masu bin wannan shafi. Yau ba Nuzhat ce ke rubutu ba, mahaifinta ne. Na ga saƙonninku sun taru, wannan tana cewa "Anti, shiru haka?", waccan tana cewa "ko Tabish ya sace mana ke ne?" Babu wanda ya sace ta. Kwana goma sha biyu da suka wuce ta miƙo mini wayar nan ta ƙasan ƙofa, ta ce, "Abba, ka goge shafin." Ban goge ba. A aji bakwai na tsaya, don haka wanda ya ga kuskure ya rufa mini asiri.

Sunana Bafati, wanzami ne ni a Jaunpur, a lungun bayan tsohuwar gada. Ubana wanzami, kakana wanzami. Ba a kiranmu da suna, Halifa ake ce mana. Sunan yana da girma a rubuce, amma ku ji yadda ake ja masa wutsiya daga kan baranda, "Halifaaa!", za ku gane ba girmamawa ba ce.

Tabish kun san shi, tun da 'yata ta cika muku kunne da labarin farar rigarsa da yadda yake ajiye mata wuri a ɗakin karatu na jami'a can Lucknow. Abin da ba ta gaya muku ba shi ne, ubansa, Mir Wajahat, sharifi kuma tsohon malamin Farisanci, shekara ashirin da biyu ke nan ƙafarsa tana kan cinyata duk Alhamis bayan la'asar. Yana da ciwon suga, ga tumbi, hannunsa ba ya kai wa ƙafarsa. Likita ya gargaɗe shi ko ƙwarzane kada ya bari ya same shi a ƙafa. Babban yatsansa na hagu kuwa farcen cikin nama yake shiga. Duk garin nan ni kaɗai na san yadda ake ɗaga shi da naharni, siririn ƙarfen nan mai karkataccen baki da muke yankan farce da shi, ba tare da ɗigon jini ba. Nawa na kakana ne.

Mu a lungunmu "noh" muke ce wa farce. Su Mir Sahib "nakhun" suke cewa, su fito da shi daga can cikin maƙogwaro kamar mai kakin majina. Nuzhat tana aji uku wata malama ta sa 'yan aji suka yi mata dariya don ta ce noh. Ta dawo gida tana kuka, ta tambaye ni wanne ne na gaskiya. Na ce ban sani ba. To kun ji abin da ya kai ta har digiri na biyu. Kundin da take rubutawa kaf a kan wannan kalma ɗaya yake.

Hutun da ya wuce takan zauna a bakin ƙofa ina wasa aska tana karanta mini.

"Abba, noh da nakhun 'yan ɗaki ɗaya ne."

"Kamar ni da Mir Sahib ke nan," na ce.

"Da gaske nake! Namu daga nakha ya fito, tsohuwar kalmar ƙasar nan, baki ya yi ta cin ta har ta koma noh. Nasu ɗan'uwanta ne da ya zauna a Farisa, daga baya ya biyo sarakuna ya shigo mana. Rashawa na cewa nogot, Jamusawa na cewa nagel. Duk uwarsu ɗaya."

"Ina uwar take?"

"Ta mutu, Abba. Malamai suna zaton wasu makiyaya ne suka yi ta, can arewa cikin ciyayi, shekara dubu biyar ko fiye. Ba su bar rubutu ba. Daga kamannin 'ya'yan aka gano fuskarta, shi ya sa ake sa mata tauraro a gaba, alamar babu wanda ya taɓa jin ta da kunnensa."

Ta nuna mini. Na ga tauraro da haruffa har da lamba a ciki, na ce wannan ai takardar magani ce. Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Sannan ta ce a bakin Rashawa kalmar ta girma, 'yar'uwarta noga ta zama sunan ƙafa ɗungurungum. Wannan ya zauna mini, don ni na san farce ɗaya yana iya cin ƙafa.

Ranar wata Laraba Tabish ya rubuto mata kan zuwan mahaifiyarsa maganar aure: "Ammi za ta zo gidanku ranar Juma'a in an sauko. Ki sa koren nan."

Ta sa koren. Riga da wando masu ɗinkin zare ruwan zinare a wuya, da awarwaron gilashi har gwiwar hannu. Uwarta Zaitun ta wanke tsakar gida sau biyu, ta aro kofunan shayi masu fure daga maƙwabta, ta shimfiɗa zanen gadon aurenmu a kan gadon igiya. Ni na sayo imarti mai zafi, soyayyen kayan zaƙin nan, zuma tana ɗiga ta gindin takarda. Muka zauna. Aka yi la'asar. Ƙudaje suka samu imarti. Duk keken da ya shigo lungu sai Zaitun ta gyara mayafi. Da aka kira magariba Nuzhat ta cire awarwaronta ɗaya bayan ɗaya ta jera a faranti.

Babu wanda ya zo. Na san ruwa ba ya tsami banza.

Alhamis na ɗauki zabira na tafi kamar kullum. Na tarar da baranda cike, abin da ba a saba ba: Hakim Sahib mai magani, da wani lauya, da ƙanin matar Mir Sahib da ya zo daga Lucknow cikin doguwar riga baƙa mai maɓallai har wuya. Suna tauna pan, ganyen nan da ake ci kamar goro, bakuna jajur. Na tsuguna a 'yar kujerata, na yi masa gyaran gemu, na ɗora ƙafar a cinyata na yanke goma cif. Sai da na gama, na tattara faratan a takarda don in binne masa kamar yadda na saba, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Halifa, me ake kiran wannan?"

"Noh ne, ranka ya daɗe."

"Me?"

"Noh."

Ya juya ga baƙinsa. "Kun ji? Noh! Kamar saniya ta yi atishawa." Suka fashe da dariya, lauyan har da buga cinya. "Ce nakhun, Halifa. Daga nan, daga maƙogwaro."

Na gwada. Bai fito ba. Suka ƙara dariya.

"To ku duba mini. Bakin da ya kasa ɗaukar kalma ɗaya, shi ke son ɗaukar sunan gidana. An ce 'yarka tana can tana binciken farce a jami'a. Madalla, gado ba ya ɓata. In ta gama ta zo ta riƙa yi wa matan gidan nan." Ya sa ƙafa ya turo takardar faratan gabana. "Ɗauki. Ka kai mata. Rabonta ke nan a gidan Mir Wajahat."

Masu karatu, na ɗauka. Wannan ne abin da ke ci na har yau. Na ɗauka, na ninke, na sa a aljihu, har na ce "a huta lafiya".

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Saƙon Tabish ma ya riga ni. Ga shi nan a wayar, ban taɓa shi ba: "Ki yafe mini. Abba ya rantse. An sa rana da 'yar kawuna. Ba ni da ƙarfin da kike zato." Ta amsa masa da kalma biyu: "Na gani."

Ta shiga ɗaki ta sa sakata. Da na matsa mata, ta ce daga ciki, "Ba zan koma ba, Abba. Da kalmar da na ɓata shekara biyu a kanta aka yanka ka a gaban mutane. In tsaya gaban malamai in ce me? 'Yar mai yankan farce ta kawo kundin farce?" Ƙarshen wata ne ranar miƙa kundin. In ta wuce, shekara biyun sun bi ruwa. Ga tikitin jirgin ƙasa a ƙarƙashin agogo, ga kundin a kan buhun shinkafa inda ta jefar da shi.

Kwana shida tana mayar da faranti kamar yadda aka kai shi, sai dai ta gutsiri gefen gurasa.

Ni kuma na zauna da dutsen washi. Zan faɗa muku gaskiya, tun da ita ma gaskiya take gaya muku. Na san inda jijiya take a yatsan nan. Na san in hannuna ya zame kamar faɗin ƙwayar shinkafa, ba zai ma ji ba, don ƙafar ta daɗe da mutuwar ji. Sati biyu ta yi baƙi. Wata biyu likita ya ɗauko zarto. Kuma wa zai ce da gangan ne? Shekara ashirin da biyu babu kuskure, ai an yarda mutum ya yi ɗaya. Ina wasa naharni ina ganinsa da sanda, ina jin daɗi. Allah ya yafe mini, daɗi nake ji.

Zaitun ta tsaya a kaina da ludayi a hannu.

"Baban Nuzhat, ƙarfen nan tun jiya yake aske gashin hannu. Me kake nema a jikinsa?"

"Kaifi."

"Kaifin na wa?" Ta ƙura mini ido. "Shekara ashirin da shida ina wanke maka riga, na san ranar da zuciyarka ta yi datti. In ka yi abin da nake gani a fuskarka, sun yi gaskiya ke nan, wanzami ba a ba shi amana. Kuma yarinyar can ba za ta ƙara ɗaga kai ba."

"To in bar shi ya ci bulus?"

"Wa ya ce ka bar shi? Ni da zan samu wuyansa da na murɗe kamar na kaza. Cewa na yi ka nemi inda zai ji. Ƙafar ai ba ta ji."

Maganar nan ta tsaya mini. Na ɗauko kundin daga kan buhu na kaɗe. Da Turanci aka rubuta, ban iya ba, amma kalmomin da ta karanta mini suna nan a kaina. Ranar Laraba na je wurin Usta Ramzani, sarkin askarmu, na gaya masa abin da aka yi. Tsoho ya cire tabarau ya ce, "Da kai kaɗai aka zaga da na ce ka yi haƙuri. Wannan zabira aka zaga." Kafin la'asar magana ta zaga duk wanzaman gari: an rufe wa gidan Mir Wajahat aska. Babu mai yi musu aski, babu mai kai musu katin biki gida gida, babu mai hawa kan tukwanen girkin aure, aikin da tun kakanni namu ne.

Alhamis na sa farar rigata ta Idi na tafi. Baranda cike, mutanen nan dai, an dawo kallo na biyu.

"A'a, Halifa! Na zaci ka yi fushi."

"Wane ni, ranka ya daɗe."

Na ɗora ƙafar dama, na yanke biyar. Na ɗora ta hagu, na fara daga ƙaramin yatsa. Shida, bakwai, takwas, tara. Na kai kan babban. Gefen ya yi ja, farcen ya fara nutsewa. Na sa bakin naharni daidai wurin. Hannuna bai yi rawa ba, wannan ne ya ba ni tsoro. Na ji kamar duk barandar ta yi nisa, sai ni da faɗin ƙwayar shinkafar nan.

Na ɗaga kai.

"Mir Sahib, kai malami ne, ni jahili. Nakhun ɗin nan, ɗan wa ye?"

"Ɗan Farisa, harshen sarakuna."

"Ubansa fa?"

Hakim Sahib ya daina tauna.

"Shekara talatin kana koyar da shi ba ka tambayi ubansa ba? Kai da ba ka aurar da ɗa sai ka ƙirga kakanni bakwai?" Sai na zazzage musu duk abin da ke kaina. Na ce noh ɗina jikan nakha ne, yana ƙasar nan tun kafin a aza tubalin farko na gidan nan. Na ce nakhun ɗan'uwansa ne da ya je ci-rani ya dawo da rawani. Na kawo na Rashawa, na kawo na Jamusawa. Na ce uwarsu ɗaya, kuma ba sarauniya ba ce, makiyaya ne masu warin shanu, ko rubutu ba su iya ba. "Ka tambayi ɗanka. A ɗakin karatu ya ji, daga bakin 'yar wanzami, yana gyaɗa kai."

Lauyan ya ce, "Hakim Sahib, haka ne?"

Hakim Sahib ya shafa gemu. "Nakha kam haka yake a tsofaffin littattafan magani. Wallahi ban taɓa haɗa su ba." Sai ya kwashe da dariya. "Mir, ashe kai da Halifa 'yan'uwa ne ta wajen farce!"

Dariyar da aka yi ta fi ta makon jiya. Fuskar Mir Sahib ta koma kalar pan ɗin bakinsa.

"Gama aikinka ka fita!"

Na janye naharni na goge a gwiwa. Na sauke ƙafarsa ƙasa a hankali, kamar ƙwai.

"Na yanke noh tara. Na goman nan nakhun ne, ya fi ƙarfin bakina. Ka nemi mai maƙogwaro ya yanke maka. Amma kada ya wuce kwana uku ba ka nuna wa likita ba, na faɗa a gaban shaidu."

Na rataya zabira na fito ban yi sallama ba.

A gida na zauna a bakin ƙofarta na ba da labari da ƙarfi, wai Zaitun nake ba wa. Na zo wurin da na ce, "Sai na ce musu Jamusawa na cewa nogot, Rashawa na cewa nagel..."

"Abba!"

Nuzhat ce daga cikin ɗaki. Kwana bakwai ba mu ji wannan muryar da ƙarfi haka ba.

"Ka juya su! Rashawa ne ke cewa nogot! Haka ka faɗa a gaban mutane?"

"Haka na faɗa. Wa ya sani a cikinsu?"

Sakata ta yi ƙara. Ta fito da gashi a hargitse, idanu a kumbure, tana dariya tana kuka. "Shekara biyu ina wahala, ka je ka aurar da Jamus ga Rasha a baranda!" Zaitun ta tura mata farantin shinkafa da miyar wake. Ta cinye, ta nemi ƙari.

Yau Talata. Jirginta na ƙarfe huɗu. Ta sa shuɗiyar riga marar ado, ta ɗaure gashi, kundin yana cikin jaka. Ta ce in riƙe wayarta, ta ɗauki ƙaramar tawa mai maɓallai, don kada wani ya dame ta. Muna jiran keken haya sai ga mota ta toshe bakin lungu.

Mir Wajahat ne. Shekara ashirin da biyu bai san ƙofata ba. Gemu ya yi buzu-buzu, ƙafar hagu cikin silifa da aka yanke wa baki, yana dafe da kafaɗar Tabish. Ashe ya aika wa wanzamai huɗu, kowa ya ce askarsa ta dakushe. Likita kuma ya ce in ba a samu mai ɗaga farcen ba, sai dai a cire shi da wuƙa, shi kuwa Mir Sahib ko allura ya gani sai ya nemi suma. Maƙwabta suka firfito, mata a kan soro.

"Bafati," ya ce. Ashe ya san sunana. Ya dubi ƙasa. "Noh ɗin nan ne. Ya kumbura, fargabarsa ta hana ni barci."

Nuzhat ta gyara jakarta a kafaɗa. "Abba, me ya ce? Ban ji ba."

Mir Sahib ya dubi matan da ke kan soro.

"Noh," ya ce, da ƙarfi.

Na jawo 'yar kujerata ta tsugunno na ce ya zauna, ni na hau kan dakali. Na shiga na ɗauko takardar nan da ban binne ba, na sa masa a tafin hannu. "Ajiyarka. Ba mu da rabo a gidanka, kai ma ba ka da shi a nawa. Ƙafa kuwa amana ce, kawo."

Keke ya iso. Nuzhat ta sumbaci hannun uwarta, ta dafa kafaɗata, ta wuce ta gaban Tabish kamar ta wuce turken wuta. Ya bi keken da ido har ya sha kwana. Sai kawai ya saki hannun ubansa ya zura da gudu. Mir Sahib ya kira shi sau uku, bai waiwayo ba. Ya yunƙura zai tashi.

"Kada ka motsa," na ce. "Ƙarfen yana da kaifi. Kwana shida na yi ina wasa shi."

Bai ƙara motsi ba. Na ɗaga farcen, na yanke, na cusa auduga. Ko ɗigon jini.

Ɗazu bayan la'asar saƙo ya shigo daga ƙaramar wayata: "Abba, jirgi ya tashi. Yana tsaye a ƙofar taragonmu, ba tikiti, ba takalmi ɗaya. In kula shi?"

Zaitun ta ce in ce mata ta turo shi ta taga. Ni na daɗe ina kallon wayar, don na san zuciyar 'yata, na kuma san jinin da ke jikin yaron. Sannan na rubuta mata:

"Ki nuna masa yatsa, ki tambaye shi me ake kiran abin da ke kai."